Yadda korona ta yi ta ɗage mana ranar tsere

Gyaran keke ne sana'ata, a Tudun Wada nake da rumfa. Ban da kekunan 'yan makaranta da na masu tallan biredi, na daɗe ina hidimar wasu matasa 'yan tseren keke a nan Kaduna. Ni ke wanke musu kaca, ni ke daidaita giya da birki, ranar Asabar kuma in bi bayansu a kan babur da famfo da tub da jarkar ruwa. Ba ƙungiya ce mai ofis da takarda ba. Akwai Koci, dattijo ne da ya yi tsere a ƙuruciyarsa, sai yaran da yake horarwa, maza da 'yan mata kaɗan. Biyu ne a cikinsu suka kai a kira su gasa. Ɗaya magidanci ne, mun saba ce masa Babba. Ɗayan kuwa shi ne ƙaraminsu, Auta muke ce masa, a lokacin bai cika ashirin ba.

Wanda bai san harkar ba yana ɗauka ɗan tsere kullum a shirye yake, sai dai a busa usur. Ba haka abin yake ba. Daga ranar tsere ake fara lissafi, a dawo da baya. Watannin farko doguwar tafiya ake yi a hankali, awa uku, awa huɗu, don jiki ya saba da zama a kan sirdi. Mu a Disamba da Janairu muke yin wannan, cikin hazo da sanyi, daga Kawo mu miƙe hanyar Zariya, mu wuce Rigachikun da Maraban Jos, wani lokaci har Jaji kafin mu juyo. Bayan nan sai a rage tsawo a ƙara zafi: gudu na minti biyar har numfashi ya kusa ɗaukewa, a huta, a maimaita. Idan saura kamar kwana goma sai a sassauta, a bar gajiya ta fita, ƙarfi ya tsaya. Wannan ƙarfin da aka tara ba ya zama. Mako biyu ne ko uku, daga nan sai ya fara zubewa, ko ka yi tseren ko ba ka yi ba.

Ranar da muka sa a gaba ita ce 22 ga Maris, 2020, ranar da za a buɗe gasar wasanni ta ƙasa karo na 20 a birnin Benin, wadda aka fi sani da Edo 2020. A Turai ɗan tsere yana da gasa kusan kowane mako daga Fabrairu zuwa Oktoba, in ya rasa wannan ya kama waccan. A nan kuwa wannan gasar, da ake yi duk bayan shekara biyu, ita ce kusan komai. A nan ake samun alawus, a nan gwamna ke ba wanda ya ciyo lamba kyauta, a nan wani ke samun aiki. Wata jiha ce ta kira Babba da Auta su yi mata tsere, kamar yadda aka saba a wasannin ƙasar nan, ɗan wasa ya bi inda aka neme shi.

Labarin farko da ya taɓa harkarmu daga Abu Dabi ya fito. Ana tsakiyar tseren Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, saura zango biyu, aka yi zargin wasu ma'aikata biyu 'yan Italiya sun kamu da korona. Daren 27 ga Fabrairu aka soke sauran zangunan, aka ce Adam Yates ne ya ci tunda shi ke kan gaba, aka kuma rufe 'yan tsere da makanikai da 'yan jarida a otal har sai an gwada su. Wasunsu makonni suka yi a can. A ranar ce kuma aka tabbatar da mutum na farko da ya shigo da cutar Najeriya, shi ma ɗan Italiya, a Legas. Mu dai muka karanta a waya muka ci gaba da atisaye. Sai Italiya ta ɗage gasanninta na keke, Strade Bianche da Tirreno-Adriatico da Milan-San Remo a jere. Faransa ta dage sai ta yi Paris-Nice, ƙungiyoyi da dama suka ƙi zuwa, aka hana 'yan kallo matsowa wurin tashi da wurin ƙarewa, amma duk da haka ba a yi zangon ƙarshe na birnin Nice ba. Ranar 14 ga Maris aka tsayar da tseren, saura kwana ɗaya, Max Schachmann na kan gaba. Daga nan tseren ƙwararru a Turai ya tsaya cak.

Ranar 17 ga Maris ministan wasanni Sunday Dare ya ba da sanarwar an ɗage Edo 2020. Saura kwana biyar. Yaran sun riga sun shiga makon sassautawa, na sa wa kekunansu sabuwar kaca da sabbin wayoyin birki, har kwalayen da za mu naɗe su na samo. Koci ya zo rumfata da yamma ya zauna a kan benci, ya daɗe bai ce komai ba. Babba ne ya fara magana.

"Koci, to zuwa yaushe suka ce?"

"Ba su ce ba."

"To gobe me za mu yi?"

"Gobe ka huta. Jibi ma haka. Ni kaina sai na san ranar da zan lissafa kafin in san abin da zan ce ka yi."

Dokar kulle ta Kaduna ta riga ta gwamnatin tarayya. Daga 26 ga Maris aka hana fita ba dare ba rana, kwana biyu bayan haka Gwamna Nasir El-Rufai ya faɗa da bakinsa cewa ya kamu, mataimakiyarsa Dokta Hadiza Balarabe ta riƙe ragama. An rufe kasuwanni da masallatan Juma'a da coci-coci, an hana acaɓa da Keke Napep, an kafa kotunan tafi-da-gidanka. Daga baya aka riƙa ba da kwana biyu a mako don sayen abinci, da farko Talata da Laraba, sannan aka yi ta sauya ranakun. A ranakun ma ba ka isa ka sa matsattsun kaya da hular kwano ka nufi Rigachikun ka ce wa jami'in da ke shinge hatsi za ka saya ba.

Haka aka yi a Turai, ta wata fuskar. Ɗan tseren da ke zaune a Sifaniya ko Italiya ko Faransa an hana shi fita da keke, na Beljiyam da Holan da Jamus kuwa an bar shi ya fita shi kaɗai. Mutum biyu a ƙungiya ɗaya, ɗaya yana kan titi, ɗaya yana ɗaki. Sai dai na ɗakin yana da na'urar da ake kafa keke a kai, mai auna ƙarfin ƙafa, mai haɗuwa da kwamfuta. Mu ko hotonta ba kowa ya taɓa gani ba a cikin yaran.

A layinmu akwai wani mai walda da ke aiki a Panteka, kulle ya zaunar da shi a gida da ƙaramin injinsa. Na nuna masa hoto a waya, na zana masa a ƙasa. Abin ba wuya a ido: ƙarfe biyu masu siffar dala da za su riƙe gatarin tayar baya su ɗaga ta daga ƙasa, sai guntun bututu mai kauri a kan boris biyu, wanda taya za ta riƙa murzawa. Wuyar tana wurin nauyi. In bututun ya yi sako-sako, ƙafa za ta yi ta juyawa a banza, ba aikin da tsoka ke yi. In ya matse da yawa, taya ta yi zafi ta fara wari, ta cinye cikin 'yan kwanaki. Muka sa dogon noti a ƙasa don a riƙa matsewa ana sassautawa, sannan muka lanƙaya wa bututun wani faifan ƙarfe a gefe don ya riƙe juyi, kada feda ta riƙa tsayawa a kowane zagaye. Tsoffin tayoyin da na ajiye don faci duk a nan suka ƙare. Ƙararsa kuwa, maƙwabtan Auta sun ɗauka injin markaɗe aka kawo gidan.

Wanda bai taɓa tuƙa keke a wuri ɗaya ba a watan Afrilu a Kaduna bai san abin da iskar hanya take yi wa mutum ba. A kan titi ita ke busar da gumi. A zaure babu ita, in an ɗauke wuta kuma babu fanka. Minti arba'in ya isa ƙasa ta jiƙe. Gumin yana ɗiga a wuyan keke, gishirinsa ya shiga boris ya ci, dole na ce kowa ya riƙa shimfiɗa tawul a kan ƙarfen. Koci yana aiko da abin da za a yi ta WhatsApp, da murya, domin ba ya son rubutu. Ba mu da na'urar auna bugun zuciya, sai ya ce kowa ya dafa wuyansa da ya farka da asuba ya ƙirga na minti ɗaya ya turo masa. In ya ga na wani ya hau, ya ce ranar kada ya taɓa keke.

Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, a cikin kullen. Aka mai da atisaye bayan sallar isha'i, wasu kuma gab da shan ruwa, rabin awa ba ƙari. Maganar gaskiya ita ce abinci ne ya fi komai karya su. Ɗan tsere ci yake kamar mutum biyu, a gidan da mai gida ya yi wata bai fita nema ba kuwa ba wanda zai kalle ka da mutunci in kana ƙona tuwon a kan keken da ba ya zuwa ko'ina. Mahaifin Auta ya aiko a kira ni a ɗaya daga cikin ranakun fita. Bayan mun gaisa ya ce:

"Malam, kai ne babba a cikinsu bayan kocin nasu, shi ya sa na ce a kira ka. Wannan abin da yaron nan yake yi, ranar biya tana nan kuwa?"

Na ce, "Baba, tana nan in Allah Ya yarda, sai dai ba a sa ta ba tukuna."

Ya ce, "To ni abin da ba a sa masa rana ba, ban san yadda zan ciyar da shi ba."

Ban ga laifinsa ba. Muka rabu a kan yaron zai riƙa zuwa yana taya ni aiki ina ba shi wani abu. Aiki kuwa ya samu, domin hana acaɓa ya sa mutane suka tuna da tsoffin kekunan da ke jingine a bayan ɗaki. Raleigh da Phoenix da tsatsa ta cinye aka yi ta fitowa da su, kowa yana so ya je kasuwar unguwa ya dawo kafin lokaci ya cika. Ban taɓa yin faci da yawa kamar na waɗannan makonnin ba. Keke yana tashe a gari, tseren keke kuma yana kwance.

A lokacin ne muka kalli wani abu da har yanzu ban yanke hukunci a kansa ba. Ranar 5 ga Afrilu, ranar da ya kamata a yi babban tseren Flanders na Beljiyam, aka haɗa ƙwararru 13 kowa a ɗakinsa, suka yi tseren kilomita 32 na ƙarshe a kwamfuta, ana nuna su suna zufa a gaban allo. Greg Van Avermaet ya ci. A Yuli ma aka yi irinsa da sunan Tour de France, babban tseren Faransa, a manhajar Zwift. Yaran sun ji daɗi. Koci kuwa tsaki ya yi, ya ce tseren da babu kwana, babu iska, babu wanda zai goge ka da kafaɗa, awon ƙarfin cinya ne kawai. Amma na gane dalilin da ya sa suka yi. Ƙungiyar keke ba ta da filin wasa, ba ta sayar da tikiti, titi na kowa ne. Kuɗin talabijin kuma aljihun masu shirya tsere yake shiga. Kusan duk abin da ƙungiya ke ci daga kamfanin da sunansa ke kan riga yake fitowa, shi kuma don a ga sunan ya biya. In ba tsere, ba a gani. Shi kansa Van Avermaet ƙungiyarsa ta CCC kamfanin takalma ne na Polan ke ɗaukar nauyinta, da aka rufe shagunansa sai aka zaftare albashin 'yan tsere, ƙarshen shekara kuma kamfanin ya janye daga ƙungiyar maza. Astana da Lotto Soudal da Mitchelton-Scott da Bahrain-McLaren duk sun rage albashi ko sun jinkirta biya.

Ranar 5 ga Mayu hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta fitar da sabon jadawali. Tour de France, da aka shirya farawa 27 ga Yuni, ya koma 29 ga Agusta. Sauran duka aka cusa su tsakanin 1 ga Agusta da farkon Nuwamba. Da na karanta wa Koci, abin da ya ce shi ne, "Shi ke nan, sun warke. Sun sami rana." Ba wai cutar ta ragu a can ba ne. Amma daga ranar kowane koci a Turai zai iya ɗaukar biro ya ƙirga makonni da baya. Kuma kowa ya san don Tour de France aka gina jadawalin, domin in bai yiwu ba, kamfanoni da yawa ba za su sabunta yarjejeniya ba.

Mu sai 10 ga Yuni aka buɗe Kaduna, bayan kwana 75, aka bar dokar hana yawon dare. Fitarmu ta farko ta nuna mini abin da ƙarfen Panteka ya iya da wanda bai iya ba. Ƙafa tana nan daidai gwargwado. Abin da ya tafi shi ne ido da hannu. Tseren keke a ayari ake yinsa, kowa ya manne wa tayar na gabansa, tazarar ba ta fi taku ɗaya ba, saboda na baya yana samun sauƙin iska ƙwarai. Bayan watanni a zaure, yara suka riƙa taɓa birki ba dalili, ana shiga kwana a tsorace, rami kaɗan sai layi ya watse. Ga kuma wata matsalar da ba mu taɓa tunaninta ba: a ayari numfashin na gabanka kake shaƙa, kuma ba mai iya hawan tudu da takunkumi a hanci. Koci ya raba su bibbiyu, ya hana shan ruwa a gora ɗaya. A cikin 'yan matan ɗaya ce ta dawo. Ɗaya an sa mata ranar aure a cikin kullen, sauran iyayensu suka ce a bari sai komai ya lafa.

Tour de France a rumfata muka kalla, a waya, muna karo-karon kuɗin data. Abin da ya fi ɗaukar hankalina ba tseren ba ne, tsarin da aka kewaye shi da shi ne. Ƙungiyoyi 22, kowace da 'yan tsere 8, kuma kowace an killace ta da makanikanta da masu dafa mata abinci, ba ta cuɗanya da kowa. Gwaji saura kwana shida, gwaji saura kwana uku, gwaji a ranakun hutu. Dokar ita ce in mutum biyu a ƙungiya suka kamu cikin kwana bakwai, ƙungiyar duka ta tattara ta tafi gida, ko da ita ke riƙe da rigar ɗorawa, wadda ɗan tseren da ke kan gaba yake sakawa. Ka ga ke nan makanike irina zai iya jawo wa zakara asarar tsere ba tare da ya taɓa kekensa ba. A gwajin hutun farko ba ɗan tseren da ya kamu, sai shugaban tseren kansa, Christian Prudhomme, shi aka killace na mako guda. Aka kai Faris lafiya. Saura kwana ɗaya a gama, a tseren da kowa ke fita shi kaɗai yana fafatawa da agogo a La Planche des Belles Filles, Tadej Pogačar mai shekara 21 ya shafe daƙiƙa 57 da Primož Roglič ya ba shi, ya ɗora 59 a kai. Auta ya yi ihu har mai shayin kusa da mu ya leƙo.

Giro d'Italia, babban tseren Italiya, bai yi wannan sa'ar ba. Tseren Mayu ne aka kai shi Oktoba, aka fasa farawa daga Budapest aka fara daga Sisili. Simon Yates ya kamu a makon farko, bayan gwajin ranar hutu kuma ƙungiyoyi biyu, Mitchelton-Scott da Jumbo-Visma, suka fice gaba ɗaya. Tao Geoghegan Hart, wanda ya zo a matsayin mai taimaka wa wani, shi ya ci. Vuelta ta Sifaniya aka rage ta zuwa zango 18, ta fara tun Giro bai ƙare ba, ta ƙare 8 ga Nuwamba cikin sanyi. Gasar duniya aka ɗauke ta daga Siwizalan aka kai Imola a Italiya. Tseren Paris-Roubaix na Faransa kuwa soke shi aka yi, karo na farko tun bayan yaƙin duniya na biyu.

Da wahala dai, amma manyan sun yi tserensu. Ƙananan ne suka sha kashi, kuma a Afirka kusan duka ƙanana ne. Ruwanda ta yi sa'a ta gama nata ranar 1 ga Maris, 2020, kafin a rufe duniya, Natnael Tesfatsion ɗan Iritiriya ya ci, na 2021 kuma sai Mayu aka yi shi. Tour du Faso na Burkina Faso ba a yi shi ba a 2020. La Tropicale Amissa Bongo na Gabon, inda Biniam Girmay ya fara nuna kansa, shekara biyu a jere ba a yi ba. Waɗannan su ne wuraren da masu neman 'yan tsere daga Turai ke ganin yaron Afirka. Yaron da yake 19 a 2020 ya kai 21 ba wanda ya gan shi, a harkar da ake fara cewa ka tsufa da shiga tun kana 23. Killacewa da gwaji a kai a kai kuɗi ne, wanda ke da kuɗin shi ya sayi ranarsa.

Tamu ranar kuwa sai wasa take da mu. Aka ce Disamba. Da muka ga an yi gudun fanfalaki na Kaduna ranar 21 ga Nuwamba, an rufe tituna, baƙi sun zo har daga Kenya, muka ce lallai wannan karon da gaske ne. Koci ya ɗauki yaran tun daga tushe ya hau da su, suka shiga makon sassautawa, sai aka ɗage zuwa sabuwar shekara. Cutar ta sake tasowa zagaye na biyu. Aka ce 14 ga Fabrairu. Aka sake hawa, aka sake ɗagewa. Abin ya zama kamar tuwon da aka tuƙa wa baƙo, kullum a ce gobe zai iso, a yi ta ɗumame har ya daina ciyuwa. Jiki ba ya yarda a kai shi ƙololuwa a sauke a sake kai shi a jere. Auta ya fara ciwon gwiwa, barcinsa ya lalace, bugun zuciyarsa na asuba ya ƙi sauka. Daga nan Koci ya sauya dabara. Ya daina kai su ƙarshe, ya riƙe su a tsaka-tsaki, ya ce sai ya ga motar tafiya da idonsa zai ƙara wuta. Ya san da haka ba za su kai inda suka kai a Maris ɗin bara ba, amma ya fi a je da yaro a karye.

Babba bai kai nan ba. Bayan ɗagewar Fabrairu ya kawo mini kekensa ya ce in nemo mai saye. Ya haura talatin, matarsa ta haihu a cikin shekarar, dama wannan ce gasar da ya yi niyyar rufewa da ita. Wani ya ba shi Keke Napep yana biya duk mako. Na ce ya ƙara haƙuri wata biyu. Ya ce, "Oga, wata biyun nan tun bara nake jin ta." Da ƙyar na sami mai saye da daraja, duk da cewa kayan keke sun yi tsada a lokacin, ga iyakokin ƙasa da aka rufe tun Agustan 2019 sai Disamban 2020 aka buɗe, ga duniya duka ta rufar wa sayen keke har masana'antu sun kasa cika oda.

Da aka sa 2 zuwa 14 ga Afrilu, 2021, sai aka haɗo da sharaɗi: gwaji da allurar rigakafi kafin a shiga sansani. Ranar 2 ga Maris allurar AstraZeneca ta iso Abuja, ba a daɗe da fara yi ba, jita-jita kuwa ta cika gari. Mahaifin Auta ya ce ba a taɓa masa ɗa. Ya kawo maganar gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yara a Kano a 1996, wanda mutanen Arewa ba su manta ba. Koci bai yi musu da shi ba. Ya je aka yi masa tasa, tunda shekarunsa sun kai, ya bari kwana uku suka wuce, sannan ya je gidan da katinsa ya ce, "Alhaji, ga ni, ni na fara. In da abin cutarwa ne ba zan kai ɗanka inda ban kai kaina ba." Da haka aka samu ya yarda.

Allurar ta kwantar da Auta da zazzaɓi da ciwon jiki na kwana biyu, daidai lokacin da ya kamata a yi atisaye mafi zafi. Hanyar da muke zuwa yin gudu ma ta fita daga hannunmu, domin ranar 11 ga Maris aka sace ɗalibai a kwalejin gandun daji ta Afaka, ba wanda ya ƙara yarda a bi ta Mando zuwa hanyar filin jirgi da asuba. Hanyar Zariya kuma ana aikinta, an haɗe motoci a hannu ɗaya a wurare da dama. Muka koma zagaye a cikin gari kafin motoci su fito. Sai gwajin hanci, da jiran sakamako, wanda ya fi komai tayar masa da hankali, saboda ya ga yadda aka cire ƙwararru daga Giro alhali wasunsu ko tari ba sa yi. Kwanakin jiran ko masallaci da takunkumi yake zuwa, ya ƙi cin abinci a kwano ɗaya da ƙannensa. Sakamako ya fito ba ya ɗauke da komai.

Na kwance feda da tayoyi, na naɗe giyar baya da tsumma, na sa katako tsakanin ƙafafun gaba don kada su matse, na saka komai a kwalin firji na ɗaure da roba. A makon ne aka ba da sanarwar an sake ɗage Paris-Roubaix na 2021 daga Afrilu zuwa Oktoba, su ma ba su gama fita ba. Gasar Benin dai ta yiwu, fiye da shekara guda bayan ranarta ta farko, jihar Delta ta zo ta ɗaya a yawan lambobi, Edo ta biyu. Auta ya gama tserensa. Ya ce ya riƙe ayarin gaba har kusan ƙarshe, da aka ƙara wuta sai ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Bai samo lamba ba, alawus kuma rabi aka ba su a hannu aka ce sauran zai biyo baya.

Ya dawo azumi ya kama. A hanyar dawowa an ɗora wa kwalin buhu a saman mota, wilin baya ya lanƙwashe, wayoyi huɗu sun tsinke. Na zagaya duk inda na sani a Kaduna ban sami irin tsawonsu ba, na aika Legas, mai kayan ya ce shi ma jira yake daga waje, sai bayan babbar salla suka iso.